Rabin Gonar da Aka Hana Taki

Aikina a cibiyarmu ta binciken noma shi ne shiga gidaje. Maza ba sa wuce zaure, ni kuwa ina wucewa, shi ya sa Dokta Rilwanu ya ɗauke ni bayan na gama jami'a, ko da yake ranar da ya yi mini tambayoyi da ƙyar ya riƙa jin muryata.

Cibiyar ƙarama ce, ɗakuna biyu a saman wani bene a hanyar unguwar Kongo. Muna cikin wani aikin haɗin gwiwa da masu bincike na wasu ƙasashe, kan yadda mutanen tsibirai za su riƙa ciyar da kansu ba tare da jiran takin zamani ba. Wasu suna aiki a tsibiran teku, wasu a na Tafkin Chadi. Namu shi ne ɗan auta: Tsibirin Kanya, wani tudu mai gidaje kaɗan da kogin Galma ya rabu biyu ya kewaye shi. Da rani ana takawa ta kan yashi a haye. Da damina sai kwalekwale, idan ruwa ya yi fushi kuma ko kwalekwalen ba ya zuwa.

Tunanin Dokta shi ne a haɗa birni da tsibirin. Matan unguwarmu, Ƙofar Jatau, su tara toka da kashin awaki da ɓawon kayan miya, a zuba a ramuka a wani fili da ke jikin ganuwa, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa har ya nuna. Kafin ruwa ya sauka a kwashe a kai wa manoman tsibirin. Gwaggo Uwa, yayar mahaifina, ita ce shugabar matan. Ranar da na fara kai mata maganar sai da ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane.

"Radiya, yanzu duk karatun nan da kika yi, a bola ya sauke ki?"

Amma ita ce ta bi gida-gida tare da ni, ita ke magana, ni ina tsaye a bayanta. Kafin wata ya ƙare ba gidan da ke zubar da toka a kwata.

Manoma uku suka ba da gonakinsu don gwaji. Ranar da muka je raba gonakin, Dokta ya tara su a gindin kanyar da tsibirin ya ci sunanta, ya yi musu bayani dalla-dalla. Kowace gona za a raba ta biyu. Rabi a zuba masa takin, rabi a bar shi yadda yake. Iri ɗaya, shuka rana ɗaya, noma ɗaya. Da kaka a auna.

"Idan ba a bar ɗaya haka nan ba, ba yadda za a yi mu san aikin takin ne ko na ruwan sama," in ji shi. "Kun gane?"

Suka ce sun gane.

Don kada a ce an yi son kai, ya rubuta takardu biyu, ya cire hularsa ya zuba a ciki, kowane mai gona ya sa hannu ya ɗauko. Gona ta ƙarshe ta Malam Labaran ce, wani dattijo dogo mai maganar ƙasa-ƙasa. A tsakiyar gonarsa akwai layin ciyawar gamba da ya ratsa daga kudu zuwa arewa. Dokta ya ji daɗin ganin layin.

"Kai, madalla. Wannan ma an riga an raba mana."

Malam Labaran ya ɗauko takarda ya miƙa. Dokta ya karanta: yamma taki, gabas babu. Dattijon ya daɗe yana kallon ɓangaren gabas, wanda ya gangara zuwa bakin ruwa. Ya shafa gemunsa, sannan ya ce, "To."

Aka kai taki, aka sauke wa kowa nasa a bakin gona, muka dawo birni. Ruwa ya sauka, hanya ta yanke.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Cikin watan Agusta kogi ya cika ya hau gonaki biyun da ke ƙasa, ya kwashe dawa da turakun alama da muka kafa gaba ɗaya. Ta Malam Labaran kaɗai ta tsira saboda tana kan tudu. Duk aikin shekarar ya koma kanta.

Da kaka muka je da sikeli. Tun daga nesa na ga gonar ta yi kyau, gabas da yamma, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Aka yanke, aka sussuke, aka auna. Abin da yamma ta bayar, shi gabas ta bayar, bambancin bai kai a faɗa ba. Dokta ya sa aka sake aunawa. Malam Labaran yana gefe yana murmushi, yana jiran a yaba.

A mota, muna shigowa gari, Dokta ya kawo nasa bayanin.

"Yashi ne," ya ce. "Ruwa na farko ya wanke takin. Ƙasar ba ta riƙewa."

Na ce a hankali, "Amma dawar ta fi ta maƙwabta kyau."

"Gonar tana kan tudu, kuma an yi ruwa. Ba abin da muka auna ke nan ba, Radiya. Mun auna gabas da yamma, sun ce mana ɗaya suke."

Gaskiya ya faɗa. Abokan aikinmu na waje suna jiran rahoto, kuma daga rahoton za a zaɓi wuraren da za a ci gaba da aiki baɗi. Dokta ya yanke shawarar ya rubuta cewa takin bai yi amfani a Tsibirin Kanya ba, a rufe aikin can. Ya ce ba zai tura ba sai ya tara manoman da matan ya faɗa musu da bakinsa, domin tare aka fara.

Ana saura 'yan kwanaki taron, ina gidan Gwaggo Uwa da hantsi ina taya ta tsinke zogale, aka yi sallama. Wata mata ce siririya, goye da yaro ɗan shekara huɗu, ɗauke da ƙwarya an rufe da faifai. Na san fuskarta daga tsibirin, amma ban taɓa magana da ita ba.

"Nan ne gidan Hajiya mai taki?"

"Kin ji sunan da kika ja mini," Gwaggo ta ce da ni. "Shigo, baiwar Allah. Ni ce mai taki, ga kuma mai digirin taki."

Matar ta zauna a bakin tabarma, aka gaisa, aka tambayi gida da yara da gajiyar hanya. Sunanta Jummai. Ta kawo ƙaramin yaronta asibiti ne a Wusasa, ta ce ba za ta koma ba sai ta nemi gidan nan. Ta buɗe ƙwaryar, sabuwar dawa ce fara tas, da ƙullin daddawa a sama.

"Ba yawa, Hajiya. Na ce dai ku ɗanɗana abin da kuka shuka. Tun rasuwar maigidana ban taɓa cika rumbu ba sai bana."

"Allah ya jiƙansa. Wane ne maigidan?"

"Mamman, ƙanen Yaya Labaran. Shekarar da aka yi kwalara ya tafi, ya bar mini huɗu."

Gwaggo ta yi masa addu'a, ta tura mata kwanon fura. Jummai ta sha, ta ci gaba.

"Wallahi ranar da na ga Yaya yana ta jigilar takin nan da kwando a ka, shi kaɗai, da tsufansa, sai da na yi kuka. Na ce Yaya bari in taya ka. Ya ce in koma gida, ba aikin mata ba ne."

Na ajiye zogalen. Na matso kusa da ita.

"Inna Jummai, gonar taku tana ta ina?"

"Ai kin sha zuwa, Malama. Gonar gado ce, ta Yaya da marigayi. Daga layin gamba zuwa bakin ruwa namu ne, ni da marayu. Yaya ke noma mana."

"Gabas ke nan."

"Gabas."

"Kuma an zuba mata taki."

Ta dube ni da mamaki. "Daidai da nasa. Kwando nan, kwando can. Yaya ba ya cin haƙƙin kowa."

Bayan ta tafi, Gwaggo ta zuba mini ido. Ita ma ta san tsarin gwajin, don ta ji bayanin ya fi a ƙirga.

"To, ga shi Allah ya kawo miki har gida. Tashi ki buga wa Doktan naki waya."

Na ce sai na ga Malam Labaran tukuna.

"Me za ki gani a jikinsa? Ya ɓata mana aikin shekara, mu da muka sha warin ramukan nan."

"Gwaggo, idan Dokta ya faɗa a taro fa? A gaban mutanen garinsu?"

Ta ɗauki daddawar ta sansana. "Ke kika sani," ta ce. "Amma daddawar nan ta yi kyau."

Washegari na hau mota zuwa bakin kogi. Ruwa ya janye, sai wata 'yar ƙorama da na tsallake bayan na cire takalmi. Na tarar da Malam Labaran a bakin gona yana ɗaure karan dawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi Dokta da Hajiya. Na daɗe ina wasa da bakin mayafina kafin maganar ta fito.

"Baba, Inna Jummai ta je gidanmu jiya."

"Ta faɗa mini za ta je."

"Ta ce an zuba wa gabas taki."

Ya ƙarasa ɗaure damin da ke hannunsa, ya jingine shi, sannan ya zauna a kan wani.

"An zuba."

"Baba, ai an ce a bar shi."

"An ce." Ya kalli gangaren. "'Yata, ki duba mini. In tsaya nan ina zuba wa nawa, na 'ya'yan Mamman yana can fari fat, su fito da safe su gani? Uwarsu ta gani? Ranar Lahira in haɗu da Mamman in ce masa me, takarda ce ta fito daga hula?"

"Da ka faɗa wa Dokta a ranar, da an sake tsari."

"A gindin kanya, gari duk a tsaye? Mutum ya taso daga birni da alherinsa, ya cire hularsa a gabanmu, in ce masa ban yarda ba? Kuma in tsaya ina shelar cewa ni ke noma wa matar ƙanena, kamar ina neman a gode mini?" Ya girgiza kai. "Na ɗauka idan dawa ta yi kyau kowa zai ji daɗi. Ga shi ta yi."

Sai na gane har lokacin bai san abin da ya faru ba. Na zauna a ƙasa na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce sikeli ya nuna gabas da yamma ɗaya suke, don haka Dokta ya ɗauka takin bai yi komai ba. Na ce ranar taro zai sanar da rufe aikin tsibirin. Baɗi ba taki, ba nasa, ba na Jummai, ba na kowa.

Fuskarsa ta sauya a hankali.

"Saboda ta yi kyau duka?"

"Saboda ta yi kyau duka."

"Ikon Allah."

Can wani yana kora shanu ta kan yashi.

"Idan aka faɗa a taro," ya ce, "sauran biyun, Adamu da Abdullahi, za su ce ruwa ya ci nasu, ni kuma na ci amanar baƙo. Kar ki ambaci sunana a gaban mutane, 'yata. Na roƙe ki."

"Ba zan ambata ba. Amma Baba, idan ba wanda ya faɗa, za a rufe."

"Na ji," ya ce. Ya rako ni har bakin ƙoramar.

Na yi tunanin in sami Dokta shi kaɗai a ofis. Sau biyu ina tsayawa a ƙofarsa. Amma na san halinsa, ba ya rubuta abin da bai ji daga bakin mai shi ba. Zai ɗauki mota ya je tsibirin ya tambaya, kafin ya dawo kowa ya sani, kuma kowa ya san daga wajen wa maganar ta fito. Na bar shi zuwa ranar taro, ina fatan dattijon zai yi magana da kansa.

An yi taron da la'asar a filin ramukan, ƙarƙashin darbejiya. Maza a kan benci, mata a kan tabarmi can gefe. Mutanen tsibirin sun zo cikin rigunan Juma'a. Malam Labaran ya zauna a ƙarshen benci, Jummai tana cikin mata kusa da Gwaggo.

Dokta ya gode wa kowa. Ya faɗi abin da sikeli ya nuna, ya faɗi abin da zai rubuta. Ya ce ba laifin kowa ba ne, haka bincike yake, wani lokaci amsar ita ce a'a. Matan unguwarmu suka fara guna-guni. Na kalli Malam Labaran. Idonsa yana kan yatsun ƙafarsa.

"Akwai mai magana?" in ji Dokta.

Ba wanda ya motsa. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu har sai da na ji zafi. Dokta ya fara tattara takardunsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryata ta fito siririya, sai da ya ce in ɗaga.

"Dokta, tambaya ce. Ranar da muka raba gonakin, mun tambayi masu su ko wa ke ci daga kowane rabi?"

Ya dube ni. "Kamar yaya?"

"Mun tambayi mai gona. Ba mu tambayi ko gonar ta mutum ɗaya ce ba."

Na zauna. Na ga Jummai ta ɗago kai tana kallon bencin maza, ta fara fahimta.

Malam Labaran ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa.

"Dokta, Allah ya huci zuciyarka. Gabas ta marayun ƙanena ce. Na raba takin biyu."

Ya faɗi haka kawai ya tsaya, hannuwansa a baya. Dokta ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Shekara guda, Malam Labaran. Matan nan sun yi rani suna juya ramuka. Da ka faɗa mini."

"Da na faɗa."

Sai Malam Adamu, ɗaya daga cikin waɗanda ruwa ya ci gonarsu, ya yi gyaran murya.

"Dokta, tunda an buɗe, bari in taya shi ɗauka. Ni ma da kogi bai rufa mini asiri ba, abin da za ka tarar ke nan. Rabin da aka ce in bari, tsohuwata ke ci. In hana gonar uwata taki? Ai sai ta tsine mini kafin shuka ta fito."

Aka fashe da dariya, har da wasu matan da ke guna-guni. Gwaggo ta ɗaga murya daga kan tabarma.

"Wato dai ku duka kun ce kun gane, ba wanda ya gane!"

"Mun gane, Hajiya," in ji Malam Adamu. "Yi ne ba mu yi ba."

Dokta bai yi dariya ba, amma ya mayar da tabaransa, ya zauna a bakin benci. Ya jira hayaniyar ta lafa.

"Ku saurare ni. Ni ma ban tambaya ba, wannan nawa ne. Abin da zan rubuta yanzu shi ne gwajin ya lalace, ba takin ba. Zan roƙi a ƙara mana shekara, ban san ko za su yarda ba. Amma ko sun yarda, maganar tana nan. Dole a bar wani wuri babu taki. Idan ba haka ba, ba wanda zai gaskata mu, ko a waje ko a ƙauyen da ke tsallaken ku. Wa zai iya?"

Kowa yana lissafin bakunan gidansa.

"A raba yamma biyu," in ji Malam Labaran, wanda har lokacin yake tsaye. "Tawa ce ni kaɗai. Idan ta ji yunwa, ni na ji."

"Ka shawarci Hajara?" Gwaggo ta tambaya, don ta san sunan matarsa. "Ko ita ma sai ta zo da ƙwarya ta faɗa mana?"

Dattijon ya yi murmushi karon farko a ranar. "Zan shawarce ta, Hajiya."

Amsar abokan aikinmu ta ɗauki makonni. Sun ba mu shekara ɗaya, sun kuma nemi Dokta ya rubuta musu yadda abin ya faru, wai wata mai aiki a wani tsibirin teku ta ce tana zargin irin haka a gonakinta. Kafin a kai taki na bi gidajen tsibirin ɗaya bayan ɗaya, ina zama da mata ina tambayar wace gona ke ciyar da wa. Wasu gonakin sai da aka cire su daga gwajin gaba ɗaya, don ba inda za a yanka ba a taɓa wani ba.

Da damina ta yi tsaka na haye a kwalekwale don duba shuka. Gabas ta yi kore shar har bakin ruwa. A yamma, ɓangare ɗaya dawa ta wuce kaina, ɗayan kuma ta tsaya mini a ƙugu, ganyenta ya yi rawaya. An nome shi tsaf, ba ciyawa ko ɗaya, ba kuma alamar taki.

Jummai ce ta same ni a wurin, ta dawo daga ɗiban ruwa. Na tambaye ta ina Baba.

"Yana can ƙasa. In kina son ganinsa sai ki zagaya ta bayan masallaci," ta ce. "In ba noma ya kawo shi ba, yanzu ba ya bi ta nan. Ya ce ba ya iya kallon dawar nan."

Na gama awona, na zagaya ta bayan masallacin.